Tutocin Wuyan Dutse

Oddmund Brekke ya fita daga tseren dutse a tsakiyar hanya, ya sauko bai gaya wa kowa ba.

Dokar tsere a garinmu guda ce. In ka gaji ka bari, ba laifi, amma ka zo bakin tashar jirgin ruwa ka miƙa lambarka da hannunka. Lambar da ba ta dawo ba, mai ita yana kan dutse, kuma sai an hau an nemo shi. Oddmund ya fi kowa sanin haka. Shi ke hawa akwatin kifi da safen tsere yana karanta wa baƙi dokar da tsawa.

Tun muna samari yake wannan gudu, bai taɓa kasa gamawa ba. Bana gwiwa ta ƙi. Kafin a kai wuyan dutse, inda hanya ke rabuwa, kowa ya wuce shi, har matar fasto da ke tsayawa tana ɗaukar hoton teku. Ya waiga, ba kowa a bayansa. Sai ya bi hanyar tumaki ya gangara rumfar kwale-kwalensa, ya shiga, ya ja ƙofa.

Bayan azahar hazo ya taso daga teku ya rufe dutsen. Aka tattara lambobi, ba tasa. Masu ceto suka bar miyar kifi a kwano suka ɗauki igiya, har da ɗansa Eilif. Daga cikin rumfa Oddmund yana jin usur ɗinsu, yana jin ana kiran sunansa daga sama. Da farko kunyar gajiya ta hana shi fitowa. Daga baya kunyar kiran ce ta zaunar da shi.

Da yamma ya fito, ya tsoma ƙafafu a laka, ya zagayo ta hanyar gabas yana ɗingishi. Aka lulluɓe shi da bargo, aka ba shi kofi. Da aka tambaye shi, ya ce a wuyan dutse bai ga tutar nuna hanya ko ɗaya ba, shi ya sa ya ɓata.

Tutocin bana Solfrid ce ta kafa su, matar Eilif. 'Yar birnin Bergen ce. Ta daɗe tana wanke tukwanen tsere kafin kwamitin tseren ya yarda ya ba ta tutoci, don a nan ba a ba baƙo wannan aiki. Mai kafa tuta, ran mutane ne a hannunsa. Waɗanda suka riga Oddmund wucewa duk sun ga tutoci, amma aka ce ba ta soka su da ƙarfi ba, ƙafafun jama'a sun tuge su. Washegari ta hau ita kaɗai, ta tarar da su a tsaye, ta ɗauko hoto. Aka ce ai ita kaɗai ta hau. Tsakanin maganar Oddmund Brekke da hoton 'yar birni, ba wanda ya tsaya tunani.

Ba a zage ta ba. Mu ba ma haka. In ta shiga kanti, hira ta koma kan farashin abincin tumaki har ta fita. Yaranta suka dawo daga makaranta da wani suna da aka sa wa uwarsu. Eilif ya daina magana a teburin abinci. Aka ji tana neman aiki a Bergen. Kwamiti ya sa ranar Alhamis don karɓe tutocin.

Duk da haka kullum tana kai wa tsohon miya da man shafa gwiwa. Ya daina ci. In ta tafi, ya juye wa kare.

Ranar Talata ya zo ya ce in fita da shi kamun kifi. Muka fita har bayan tsibiri. Ya jefa fatsa ba ko tana a ƙugiya. Na ce masa kifin nan ba wawa ba ne kamar mai fatsar. Bai rama ba, nan na san akwai magana. Yana kallon ruwa ya faɗa mini duka, rumfar, usur ɗin, lakar.

Na ce, "Kai tsohon banza. Ɗanka yana rarrafe a bakin rami cikin hazo, kai kana zaune kan komar kifi?"

Ya ce ya sani.

Na ce sanin bai ƙara wa kowa komai ba. Ya ce ya yi tunanin wata hanya, in raka shi gidan Eilif, don shi kaɗai ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Na ce ƙafar nan tasa ta saba tsayawa a rabin hanya. Muka juya kwale-kwale, muka koma gari.

Muka tarar da Solfrid tana fere dankali. Eilif yana aiki a jirgin fito, yara suna waje. A gefen ƙofa akwai tutocin, ta wanke su, ta ɗaure su dami don mayar wa kwamiti. Ta ja wa Oddmund kujera ta tambayi gwiwa. Ya ƙi zama. Ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba sai gawa.

Ya ce, "Solfrid, ban kai wuyan dutse ba. Gajiya na yi. Ina rumfa."

Ba ta ajiye wuƙar ba. Ta gama fere wanda ke hannunta, ta jefa shi cikin ruwa. Ta ce ta yi ta tambayar kanta ko ita ce ta haukace, har ta sake hawa dutsen tana girgiza kowace tuta da hannu ta ga ko za ta faɗi. Ta tambaye shi ko ya ji muryar Eilif a ranar. Ya ce ya ji.

Sai ya kawo hanyar tasa. Ranar Alhamis zai tashi a gaban kwamiti ya ce ya sake tunani: tutoci suna nan, idonsa ne ya tsufa, hazo ya yi kauri, ya wuce ta gefensu bai gani ba. Za a bar mata tutocin. Shi kuma zai daina tsere, ya daina hawa akwatin kifi. Maganar rumfar kawai yake roƙo a bari tsakaninmu mu uku. Ya ce Eilif ba zai sake kallonsa ba in ya ji, garin ma haka.

A raina na ga hanyar ba ta da muni, kuma na san da ni ne ita zan nema.

Solfrid ta goge hannu a zane. Ta ce in ya faɗi haka, kowa zai ce Oddmund mutumin kirki ne, yana rufa wa matar ɗansa asiri. Za su ba ta tutocin don darajarsa, kuma duk shekara wani zai bi bayanta a ɓoye yana duba su. Ta ce Eilif ma, da suke kwana ɗaki ɗaya, bai ce ya yarda da ita ba har yau.

Oddmund ya murɗa hular a hannu. Muryarsa ta yi ƙasa.

"'Yata, shekarun da suka rage mini ba su da yawa. Ki bar ni da wannan ɗaya."

Ta dube shi.

"A'a, Baba. Ban yarda ba."