Madubin Mai Aski

Doka ce a wurin masu gilashi: madubi a tsaye ake ɗaukarsa, a lulluɓe da bargo. Shekara ashirin da biyu mai gilashi yana sana'ar bai taɓa karya ta ba, sai ranar da za su kai wa mai aski nasa.

Madubin tsawonsa mita biyu ne, kwana uku aka yi ana goge bakinsa, ga shi gobe za a buɗe shagon askin. In ya fashe babu wani. Bargon kuwa Kwalba, ƙanin matar mai gilashi kuma abokin sana'arsa, ya manta shi. Mota ta tsaya a bakin layi, domin magina sun gitta katakai sun bar 'yar hanya ƙasa-ƙasa. Dole suka kwantar da madubin, fuskarsa sama, suka wuce a duƙe. Kwalba ne a gaba, yana tafiya da baya.

Da suka fito fili, mai gilashi ya dubi ƙasa don ya ga inda zai sa ƙafa. Bai ga ƙasa ba. Sama ya gani a cikin madubin, shuɗiya, mai zurfin da ba ya ƙarewa. Benaye na reto da kawunansu ƙasa. Shanyar wata mata tana tsaye ƙyam a kan igiya. Wata shirwa ta ratsa ƙarƙashin hannuwansa a hankali, har ya ƙirga gashin fukafukinta. Ƙarar injin magina ta yi nisa, kamar daga cikin ruwa. Ya san sunansa, ya san layin, ya san idonsa biyu, amma nauyin jikinsa ya tafi. Ya tsaya cak.

"Yaya, lafiya?" in ji Kwalba. "Ko kyanka kake kallo? Ai yayata ta daɗe da haƙura da wannan fuskar."

Madubin ya fara karkata.

"Kai, Yaya! Hannuna zai tsinke! Ɗago kanka ka dube ni."

"Ba inda zan taka," in ji mai gilashi a hankali. "Kwalba, girgije ne a nan."

Kwalba ya bar wasa. "To rufe ido, ni zan ja ka."

Mai gilashi ya san shawara ce mai kyau. Ya ƙi. Ya ɗaga ƙafar dama ya ɗora a kan girgijen, girgijen ya ɗauke shi. Ya ƙara ta hagu.

"Haka, haka," Kwalba yana faɗa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Akwai kwata, buɗe ƙafa."

Ya tsallake kwatar da bai gani ba, ta kan rana. Taku talatin da ɗaya suka yi a haka.

A ƙofar shago mai aski ya tare su da faɗa. "Wane irin ɗauka ne wannan? So kuke ku kashe ni?"

Suka shige. Silin ya maye gurbin sama, nauyi ya dawo wa mai gilashi a gwiwoyi. Suka jingina madubin da bango, mai gilashi ya bi bakinsa da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ko ƙwarzane babu. Ya zauna a kujerar aski.

"A ba shi ruwa," in ji Kwalba. "Daga nesa yake."