Daga Teku Zuwa Gada

"Ba nan ba," in ji Direba daga kan gado. "Na ce maka daga teku za ka fara."

Mai Fenti ya sauke rolar fenti, ya juyo yana hararar sa. Tun yana saurayi yake wannan sana'a, ba a taɓa nuna masa inda zai fara ba.

"Daga kusurwa ake fara fenti."

"Direba kuma daga inda ya sauke kaya yake juyowa. Matsar da tsaninka."

Ya ja tsaki, ya ja tsanin.

Bango ɗaya ne ya raba ɗakunansu a gidan hayar. Mai Fenti matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa sun watse neman abinci. Direba kuwa ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babbar mota, sai da idonsa ya fara gaza hango hanya ya ajiye makulli. Zama ya ishe shi, ya soma roƙon ragowar fenti a gindin gwangwanayen maƙwabcinsa. Da su ya cika bangon ɗakinsa da wuraren da ya ratsa. Ga tashar jiragen ruwa, ga wani birni mai dogayen benaye, ga hanyar da ta huda cikin dutse, ga hasumiya a tsakiyar fili. Ya jera su yadda suke a kan hanya, mafi nisa can ƙuryar ɗaki, mafi kusa a bakin ƙofa.

Mai Fenti bai taɓa yaba ko ɗaya ba. Kullum sai ya ce benen nan ya karkace. Direba ya ce a kan gangara ya gan shi, haka ya gan shi, haka ya zana.

Da ciwo ya kwantar da shi, mai gidan ya leƙo dubiya. Bakinsa yana sannu, idonsa yana auna ɗakin. Direba ya gani. Mutumin na fita ya buga bango da sandarsa, ya kira maƙwabcinsa.

"Kai za ka shafe shi, kuma ina kallo. Ba zan bar wani ya zo ya kafa ƙusa a hasumiyata ya rataye wando ba."

"Ka warke tukuna."

"Kar ka yi mini maganar mata 'yan dubiya. Ka fara daga nesa, kana tahowa. So nake in iso gida kafin man ya ƙare."

Shi ya sa yau tsani yake gaban teku. Mai Fenti ya tsoma rola, ya ɗaga, sai hannunsa ya tsaya. Shi bai taɓa ganin teku ba sai wannan.

"Me ake ji a wurin?" ya tambaya, ba tare da ya juyo ba.

"Ƙarni. Da hayaniyar masu dako. Na yi kwanaki a layi ina jiran lodi, gishiri ya cinye mini ƙofar mota. Shafa mana, ko tsoron jiƙewa kake?"

Fari ya hau ruwan. Jiragen suka nutse ɗaya bayan ɗaya.

Haka suka ci gaba. Da hantsi Mai Fenti zai shigo da bokiti, ya buɗe taga saboda warin, ya kawo ruwan zafi ya tallafo kan Direba ya ba shi. Sa'annan ya shafe wuri ɗaya, Direba yana ba shi labarinsa. Direba bai yarda a haɗa biyu a yini ba. Ya ce babbar mota ba ta tsallake gari.

A birni mai benaye ya faɗi yadda ya ɓata, ya yi ta kewaya shataletale har ɗan sanda ya tausaya masa. A hanyar dutse ya ce a nan burki ya taɓa ƙwace masa, ya ambaci Allah da duk sunan da ya sani.

"Ai da ka riƙe su," in ji Mai Fenti. "Yanzu suke da amfani."

Direba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ranar hasumiya 'yar Direba ta zo daga garin da take aure. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, tana kallon bangon da rabinsa ya koma fari.

"Baba, me kake yi haka? Mutum yana kwance kana cika masa ɗaki da wari?"

"Tambayi ubanki," in ji Mai Fenti.

"Gida nake tahowa, uwata," in ji Direba.

Ta zauna a bakin gadon, ta gyara masa mayafi. Muryarta ba ta tashi ba.

"Muna yara ma haka kake cewa."

Mai Fenti ya mai da fuskarsa bango, ya yi ta goga wurin da ya riga ya yi fari. Ta yi kwana biyu, ta wanke kayan uban, ta koma, don ta baro jariri.

Daga nan muryar Direba ta fara dusashewa. Labari ya koma kalma biyu ko uku. Mai Fenti ya duba abin da ya rage a bango, ya duba mutumin da ke kan gado, ya san lissafin ba zai fita ba.

"Yau biyu zan shafe," ya ce.

"A'a."

"Kai, tsoho, taurin kai ba zai kai ka ba. Taka mota."

"Ban taɓa gudu ba... ba zan fara yau ba."

Mai Fenti ya fita tsakar gida, ya tsaya gaban famfo yana wanke buroshin da babu komai a jikinsa. Da ya dawo ya tarar Direba ya yi barci. Ya ɗauki rola a hankali, ya shafe gidan mai, ya zarce ya shafe dogon jerin itatuwan da ke gabansa. Bai taɓa satar aiki ba sai ranar.

Direba ya farka, ya daɗe yana kallon bangon.

"Ɓarawo," ya ce. "Ka wuce da ni ina barci."

"Fasinja ai barci yake yi."

"Me ya rage?"

"Kasuwar bakin hanya. Sai gada."

Gadar ita ce ta shigowa gari. Direba ya taɓa ce masa duk sanda tayarsa ta hau ta, yakan sauke gilashi ya shaƙi iska, don ya san ya iso.

Washegari suka shafe kasuwar. Direba bai ba da labarinta ba, ido kawai ya bi rolar da shi. Da Mai Fenti ya gama ya matso kusa da kunnensa.

"Gobe gada."

Leɓensa ya motsa. Mai Fenti bai ji abin da ya ce ba.

Da safe ya shigo da ruwan zafi a hannu ɗaya, bokiti a ɗaya. Ya yi sallama, ya sake yi. Ya ajiye kofin a ƙasa, ya taɓa goshin, ya rufe masa ido, ya ja mayafin. Sannan ya fita ya gaya wa mutanen gidan.

Aka kai shi kafin rana ta take. Masu rakiya ba su da yawa, galibi mutanen layin ne da wasu tsofaffin direbobi biyu. 'Yar ta iso bayan an dawo. Ta tattara kayansa a buhu, ta ba da gadon sadaka. Mai gida ya tare Mai Fenti a ƙofa ya ce zai turo wani ya ƙarasa ɗan abin da ya rage, shi ya je ya huta.

"Wanda ya taɓa bangon nan, ni da shi ne," in ji Mai Fenti.

Da yamma, da gida ya yi tsit, ya shiga ɗakin. Babu gado, babu sanda, sai sawun ƙafafun gadon a kan siminti. Gadar tana nan kusa da ƙofa, ƙarama, ƙarfenta baƙi, ruwan ƙarƙashinta kore. Ita ma ta ɗan karkace.

Ya buɗe taga har ƙarshe. Ya tsoma rola, ya fara daga wancan bakin kogin, yana tahowa a hankali.

"To, gangaro," ya ce. "Bi a sannu, akwai rami a tsakiya."

Ya kai ƙarshe ya ajiye rolar. Baƙin ƙarfen bai ɓuya duka ba, yana leƙowa ta ƙarƙashin farin, sai an yi shafi na biyu. Mai Fenti ya kife bokitin da ba komai a ciki, ya zauna a kai, ya ɗora hannuwansa bisa gwiwa yana jiran bangon ya bushe.