Ranar da Kwamfutar Ofis Ta Ƙi Tashi

Karo na biyar ke nan sakatariya tana danna maɓallin. Kwamfutar ta yi gurnani, ta nuna baƙin allo da farin rubutu layi biyu, ta tsaya cak. Takwas ta wuce. Ƙarfe sha ɗaya 'yan ajin ƙarshe za su zauna jarrabawar lissafi, tambayoyin kuwa suna cikin wannan akwati, domin Hedimasta ya hana a buga su sai ranar, wai kada a sace.

Ga shi tsaye a kanta, hannuwa a baya. Mutum ne da aljihun teburinsa yake cike da wayoyin ɗaliban da ya kama suna buga gem.

"Me kika yi mata?"

"Ranka ya daɗe, lafiya lau na kashe ta ranar Juma'a."

"To aljanu ne suka taɓa ta? Idan sha ɗaya ta yi babu takarda a gaban yara, ki ajiye mini makulli, ki nemi wani wurin."

Shekara tara tana wannan ofis, ita ce buga takardu, ita ce ɗauko alli, ita ce sallamar iyaye masu faɗa. Ta zare wayoyin kwamfutar, ta rungumi akwatin, ta tari tasi.

Shagon mai gyara a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, kuma shi Allah bai halicce shi da sauri ba. Sai da ya gama shan shayinsa, ya goge tabarau, sannan ya jona kwamfutar ya karanta rubutun.

"Fayil ɗin da yake tayar da ita ne ya ɓace, Malama. Kamar mota ce, mai cike, inji lafiya, amma babu makulli."

"Ni dai takarduna."

"Suna nan. Ba su san ma ana yi ba."

Ya soka filashinsa, ya tayar da ita daga can, ya shiga rubutu da yatsa biyu. Gwajin farko allo ya dawo baƙi. Waya ta shigo masa, ya tsaya yi wa wani kwatancen shagon tiryan-tiryan.

"Don girman Allah, Injiniya, goma saura kwata!"

"Sauri ya haifi nawa, Malama."

Ji ta yi kamar ta kwaɗa masa kofin shayin. Ya sake rubuta fayil ɗin, ya zare filashi, ya kunna. Allo ya yi haske. Kafin ta gama hamdala sai saniya ta yi kuka daga cikin kwamfutar, wata koriyar gona ta cika allon.

Mai gyara ya kwashe da dariya. "Ga ɓarawon! Gem ɗin noma ne. Sabuntawar da masu shi suka turo gurguwa ce, tana shiga sai ta cinye fayil ɗin tashi. Ku ne na huɗu a makon nan." Ya duba wani wuri. "Ranar Lahadi ƙarfe huɗu aka danna ta. Kai, gonar nan ta kai shekara uku!"

Makullin ofis biyu ne, ɗaya nata ɗaya na Hedimasta, nata kuma a jakarta ya wuni ranar Lahadi. Ta matso da fuskarta. Kowace dabba da sunanta a rubuce. Wani bijimi mai kwance a inuwa shi ne Malamin Lissafi. Zakaran da ke kan katanga, Mataimaki. Can gefe ga wani jaki an jibga masa buhuna har ƙafafunsa sun lanƙwashe, a samansa an rubuta Sakatariya.

"In goge shi?" in ji mai gyara. "Dannawa ɗaya ce."

Ta daɗe tana kallon jakin. "Bar shi. Hana shi dai buɗe kansa."

Sha ɗaya saura kwata firintar ofis ta tofo shafin ƙarshe. Hedimasta ya shigo da malamai biyu, har da na lissafi, a matsayin shaidu, ya ajiye takardar tuhuma a gabanta.

"Faɗa a gaban kowa. Me mai gyara ya ce?"

Maganar ta zo mata har bakin leɓe. Ta dubi malamin lissafi, ta tuna bijimin, ta danne dariya da ƙyar.

"Ya ce wani fayil ne ya ɓace, ya mayar da shi."

Malaman suka ga babu abin kallo, suka fice. Hedimasta bai fita ba. Ya gyara murya, ya taɓa labule, ya sake gyara murya.

"Bai dai... goge komai ba ko?"

"Komai yana nan, ranka ya daɗe." Ta ci gaba da jera takardu, ba ta ɗago ba. "Shanu lafiyarsu ƙalau. Jakin ne dai kaya suka yi masa yawa."

A hankali ya miƙa hannu ya ɗauke takardar tuhumar, ya ninke ta huɗu, ya tura aljihu. Sannan ya sunkuya ya rungumi tulin takardun jarrabawar, ya nufi aji da su da kansa.