Irin Bakin Gona

Duk wanda ya san Mai Iri ya san shi da abu biyu, masararsa da bakinsa. Masarar fara ce, gajeriya, mai saurin nuna, ko ruwa ya ɗauke da wuri sai ya tarar ta riga shi. Daga hannun mahaifinsa ya karɓe ta, shi ma daga nasa. Bakin kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Idan ya buɗe shi a gona har tsuntsaye sai sun tashi.

Ana tsakiyar damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya haɗa da harshen. Abin da ya bar masa ido ne, da hannun hagu mai rawa, da kai wanda yake iya gyaɗawa ko girgizawa. Mutumin da bai taɓa yarda wani ya kama masa fartanya ba, ga shi sai an kama masa cokali.

Da kaka ta yi, Auta, ɗansa da ya zauna a gida bayan 'yan'uwansa sun watse neman abinci, ya jawo gadon uban zuwa bakin taga.

"Baba, ga gonarka nan," in ji shi. "Yau za mu shiga. Ka sa mana ido."

Ya sa idon, tun da shi kaɗai ya rage masa.

Mai Iri yana da yadda yake fitar da irin baɗi. Kafin wani ya taɓa ko kara ɗaya, yakan shiga can tsakiyar gona shi kaɗai, ya zaɓi goyon masarar da ya sha matsi tsakanin 'yan'uwansa amma ya cika har baki. Ba ya taɓa na gefe. Na gefe katta ne, kyawawa, amma sarari da rana suka ƙosar da su, kuma iska tana kwaso musu ƙurar furen masarar maƙwabci, wata doguwa mai nauyin jiki da ba ta nuna sai ta ga dama. Ka shuka su, a hankali taka ta koma tasa.

Wannan magana ba ta fi a faɗe ta a tsaye ba. Amma bai taɓa gaya wa kowa ba. Tun Auta yana ƙarami ya taɓa karyo wani ƙaton goyo ya sheƙo da gudu yana cewa, "Baba, ga iri." Mai Iri ya karɓa ya wurga cikin tsibi.

"Ba ka iya ba. Je ka riƙe buhu."

Haka ya ce a shekarar da ta biyo, da wadda ta biyo ta. Auta ya riƙe buhu har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Shi kuwa uban kullum yana ganin akwai lokaci.

Yanzu ga shi yana hango Auta ta taga, da kwando a kafaɗa, yana bin bakin gona. Yana tsayawa, ya auna goyo a tafin hannu, ya zaɓi mafi girma. Daga nan ya nufi iyakar maƙwabci, inda suka fi ƙiba.

Mai Iri ya buɗe baki. Wani gurnani ya fito, yawu ya biyo shi. Ya kai hannun hagu ya doki kofi ya faɗi ƙasa. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta shigo tana goge hannu a zane.

"Malam, ruwa kake so?"

Ya girgiza kai, ya nuna taga.

"Rana ce ta dame ka? Bari in saki labule."

Ya damƙe labulen da ɗan ƙarfin da yake da shi. Ta duba waje, ta ga ɗanta, ta yi murmushi.

"Kai dai ba ka canzawa. Kana kwance ma faɗa kake nema. Ka bar yaron nan ya yi aikinsa, ya yi ƙoƙari bana."

Ta gyara masa matashi ta fita. Ya mayar da ido ga taga. Yana kallo 'yan ƙwadago suka ratsa tsakiyar gonar suna karya suna zubawa. Yana kallo injin casa ya iso, ya haɗiye tsibin gaba ɗaya, motar mai saye ta kwashe buhunan. A zuciyarsa ya yi ta roƙon Allah ya ara masa harshensa, ko na ɗan lokaci ne, ba don faɗa ba wannan karon. Harshen yana kwance a bakinsa kamar tsumma.

Da yamma Auta ya shigo, ƙaiƙayi har a girarsa, ɗauke da damin masara manya-manya da ya ɗaure da ɓawonsu. Ya durƙusa a gaban gadon ya ɗaga su yadda uban zai gani da kyau. 

"Baba, ga irin baɗi. Ni na zaɓa da kaina, ban bar kowa ya taɓa ba." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Na yi daidai?"

Mai Iri ya dubi masarar. Irin kakansa ke nan yake shirin tafiya. Yana iya girgiza kai, wannan kam ciwon bai ƙwace masa ba. Amma ba shi da bakin da zai ce don me. Abin da Auta zai ji kawai shi ne abin da yake ji tun yana riƙe buhu.

Ya dubi furfurar da ke gemun ɗansa. Hawaye ya gangaro masa ta ɓarin da ba ya motsi. Sai ya gyaɗa kai.

Auta ya sunkuyar da fuska ya daɗe bai ɗago ba. Da ya miƙe, ya nemo ƙusa ya kafa a bangon da ke fuskantar gadon, ya rataye damin.

"Nan zan bar su har damina, Baba," in ji shi, "don ka riƙa ganinsu kullum."