Gayyar Fakon Haladu

Duk wanda ya san Gwiwa a shekarun da naira ta shigo, ya san Haladu mai fako. Dogo ne siriri, kullum da lauje a kafaɗa, kuma ba ya zaman majalisa. Matarsa Dela ta rasu tun kafin yaƙin basasa, Allah bai ba su haihuwa ba, shi kuma bai sake aure ba, duk da mitar da ƙanwarsa Batulu take yi masa in ta zo daga Roni.

Fakon yana gabas da gari, a gindin wani dutse. Jar ƙasa ce mai taurin tsiya, wadda ruwa yake wankewa ya wuce ko sallama babu. Su bakwai suka je wurin dagaci suka roƙi wurin, suka ce sun kafa ƙungiyar raya fako. Dagaci ya yi dariya ya ba su, don ba wanda yake so. To, sai duniya ta buɗe. Wannan ya shiga soja, wancan ya tafi Kano aikin masaƙa, biyu suka gangara Ikko gadi. Kafin a ankara ƙungiya ta koma mutum ɗaya. Haladu ne shugaba, shi ne mataimaki, shi ne kuma jama'ar da ake shugabanta.

Shi fa bai taɓa dasa itace ba. Abin da yake yi, in ya ga tsohon kututture ya yi toho goma, sai ya tsuguna ya dube su da kyau, ya zaɓi biyu masu miƙewa, ya sare sauran, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Ya jera duwatsu a gicciye inda ruwa yake gudu, don ya ɗan tsaya ƙasa ta sha. Shi ke nan. Kalgo, sabara, geza, magarya, marke, har da 'yan gawo, duk daga ƙarƙashin ƙasa suka fito da kansu, kowanne inda ya ga dama. A shekarar farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa a hanya, itatuwansa ko ɗaya bai mutu ba. Wasu sun fi shi tsawo, wasu iya ƙugu. Ya san kowanne. Yakan tsaya gaban wata magarya ya ce, "Ke dai ba ki da kunya, jiya na gyara ki, yau kin yaga mini riga." In ba su ba, wallahi sai ya wuni bai yi magana da kowa ba.

Sai ga sabuwar hanya. Kuɗin mai sun zubo, ko'ina kwalta ake shimfiɗawa, kwalta kuwa sai da marmara a ƙarƙashinta. Wani ɗan kwangila ya turo mutanensa suka tona gefen fakon Haladu, suka ga marmara mai kyau, suka kafa turaku masu jan fenti, suka ce bayan damina katafila za ta zo. Haladu ya tsaya yana kallon turakun.

Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. A Roni an taɓa wa wata ƙungiya kurminta, a Kanya Babba ta ƙasar Babura an ci rabin burtali. Wani malamin firamare a Kazaure, Muhammadu Lawal, saurayi mai zafin nama da sabon babur, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce kowa ya yi kuka shi kaɗai ba a jinsa, su haɗu. Ƙungiyoyi huɗu, har da ta Kazaure, suka dangwala hannu a takarda ɗaya aka kai Kano. Amsa ta dawo cewa duk filin da aka tabbatar gandun itatuwa ne na ƙungiya za a rubuta shi, katafila ba za ta shiga ba. Wani babban ma'aikaci zai zo ya gani da idonsa kafin ƙarshen damina.

Don a shirya wa zuwansa aka kira horo na kwana uku a Kazaure. Aka zuba dattawa a bencin yara, gwiwoyi har haɓa. Mai koyarwa ya zana layuka a allo: a ja igiya, a kafa turke, taku huɗu tsakanin rami da rami, a yaga ledar dashe, a sa darbejiya, a danne da dunduniya. Rana ta biyu Haladu ya ɗaga hannu.

"Malam, ni fa nawa ba dasawa nake yi ba. Suna nan a ƙasa. Zaɓa kawai nake yi."

Maikasuwa, shugaban mutanen Kanya Babba, wani ƙato mai fara'a da murya kamar ganga, ya juyo ya ce, "Kai Haladu, ji tsoron Allah! Kalgo da sabara ma sai an kafa musu ƙungiya?" Aji ya tuntsire da dariya. Ba da mugunta aka yi ba, amma Haladu ya sauke hannunsa, aka ci gaba da zancen layuka har aka tashi.

Bayan mako guda Muhammadu Lawal ya zo Gwiwa ya ga wurin. Ya zagaya, ƙaya ta kama masa wando, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba Haladu, aiki kam ka yi. Amma mutumin Kano in ya zo, layi zai nema. In ya ga haka, cewa zai yi daji ne."

"Malam, ka kawo shi kawai. Ni zan zagaya da shi, in nuna masa ɗaya bayan ɗaya. In ya ji bayani zai gane."

"To, Allah ya sa," in ji Muhammadu Lawal. Amma fuskarsa ba ta ce haka ba.

Ana saura 'yan makonni mutumin Kano ya zo, kurkunu ya fito wa Haladu a idon sawu. Ƙafa ta kumbura tim, ko bayan gida sai da rarrafe. Batulu ta zo da jaki ta ce, "Yaya, ba zan bar ka ka mutu a ɗakin nan kai kaɗai ba," ta kwashe shi zuwa Roni. Kwana ashirin yana kwance a zauren mijinta, kullum da safe a naɗe ɗan abin a tsinke kaɗan-kaɗan. Mutane suna wucewa su ce sannu su wuce. Shi kuwa hankalinsa yana fako: ko awaki sun ture ƙaya, ko ruwan shekaranjiya ya watsa duwatsu, ko mutumin Kano zai zo ba mai yi masa bayani. Ya aika wa Muhammadu Lawal sau biyu. Amsar ɗaya ce, wai ya kwantar da hankalinsa, ƙungiya tana sane.

Ran nan da hantsi sai ga babur a ƙofar gida. Muhammadu Lawal ya shigo bakinsa har kunne.

"Baba, tashi a hankali in goya ka. Akwai abin da za ka gani."

Tun daga nesa Haladu ya jiyo gangar noma. Ya ce a ransa, wa yake gayya yau a Gwiwa? Sai suka fara gamuwa da mata da dammunan itace ɗanye a ka, ganye yana reto. Ya dubi dami ɗaya, ya dubi na biyu. Marke ne. A duk yankin nan wuri ɗaya ake samun marke mai wannan kaurin.

Da suka sha kwanar dutse, sai ya ga sarari. Fili fetal, tun daga hanya har gindin dutse, an share tas. Mutane sun fi arba'in, daga Roni, daga Kazaure, wasu a akori-kura tun daga Kanya Babba, kowa jiki duk jar laka. Igiyoyi a miƙe. Ga 'yan darbejiya iya gwiwa, layi-layi, taku huɗu-huɗu, ko karkata babu. Duwatsun da ya yi shekaru yana jerawa a hanyar ruwa an kwashe su an yi iyaka da su, har an shafa musu farar ƙasa. Aduwa ɗaya aka bari, don a inuwarta aka ajiye ƙoren fura.

Makaɗi ya hango shi ya sauya kiɗa, ya shiga wasa shi, Haladu na Dela, mai fako uban itatuwa. Jama'a suka ɗaga fartanya sama suna ihu. Maikasuwa ya taho da gudu, ya sauke shi daga babur kamar jariri, ya buɗe masa tafin hannuwansa duk sun yi kanta sun fashe.

"Dubi nan, mutumina! Kwana biyu muna abu ɗaya. Sara ba wuya, tonon kututturen ne aiki. Akwai wani kalgo can, mu shida muka taru a kansa, saiwarsa kamar cinyata. Amma mun ce ba za mu bar maka ko ɗaya ba, kada su sake tsirowa su dame ka, ga ka da ciwon ƙafa."

Haladu ya san kalgon. Shi ne na farko da ya fara zaɓa.

Kai, jama'a! Da maƙiyi ne ya yi masa haka, ai da sauƙi, sai ya yi kururuwa, ya kai ƙara wurin dagaci, ya tsine. To amma wa zai kai ƙara? Mutanen da suka bar gonakinsu a tsakiyar damina, suka zo da abincinsu da makaɗinsu, don ɗan'uwansu yana kwance? Wanda aka yi wa gayya abu ɗaya ne nasa, ya tashi ya yi godiya ya sa albarka. Ganga ta yi shiru. Idanun mutum arba'in da wani abu suna kansa, kowa yana haki yana murmushi.

Ya dafa kafaɗar Muhammadu Lawal ya miƙe a ƙafa ɗaya. Hawaye suka zubo masa, shar-shar, har gemu.

"Allahu akbar," in ji wani daga baya, "daɗi ya sa tsoho kuka."

"Na gode," Haladu ya ce. "Allah ya saka da alheri. Allah ya mai da kowa gida lafiya." Aka ce amin da ƙarfi, aka shafa, aka faɗa wa fura.

Bayan kwana tara mutumin Kano ya zo a farar mota, da littafi a hannu. Shugabannin ƙungiyoyi huɗu suna biye da shi. Ya bi layi ɗaya har ƙarshe, ya dawo ta wani, yana gyaɗa kai. Ya ce duk wuraren da ya zagaya bai ga mai tsari kamar wannan ba. Nan take ya rubuta fakon, ya sa aka tumɓuke turakun ɗan kwangila aka jefar. Maikasuwa ya rungume Muhammadu Lawal. An yi nasara, ba wanda zai ce ba a yi ba.

Sai baƙon ya juyo wurin Haladu, wanda yake tsaye can tsakiyar fili da sanda.

"Baba, tun yaushe kake wannan aiki?"

"Shekara goma ke nan, ranka ya daɗe."

Baƙon ya dubi 'yan dashen da ko gwiwarsa ba su wuce ba, ya fashe da dariya, kowa ya taya shi. Muhammadu Lawal ya matsa ya raɗa masa cewa tsohon bai daɗe da tashi daga jinya ba. Baƙon ya ce ayya, ya dafa Haladu.

"Ka ci gaba da kula da su. Kada dai ka bari daji ya sake cinye wurin."

"To, ranka ya daɗe."

Aka juya za a raka baƙo mota. Mutanen ƙungiya suna tafe suna sunkuyawa, duk wani ɗan kore da suka gani tsakanin layuka su fizge su yar, don baƙo ya ga da gaske suke. Haladu bai motsa ba. Tun da safe da ya iso ya gan shi, wani ɗan tohon sabara mai ganye huɗu, daga guntuwar saiwar da gatari ya tsallake. A kansa ya tsaya, ya saki babbar rigarsa har ƙasa.

"Haladu!" Maikasuwa ya ƙwala masa kira daga bakin hanya. "Ba za ka zo ka raka babban baƙo ba? Mutum ya ceci filinka!"

Haladu ya ɗaga hannu kawai. Ya ji wani yana cewa, ka ga tsoho, daga yabo sai girman kai. Ƙafar tana yi masa zugi har cikin ƙwaƙwalwa, ya cije. Mota ta tashi, babur ya bi ta, masu kekuna suka hau, ba wanda ya waiwayo. Yana nan tsaye shi kaɗai a tsakiyar layukan, sai da ya daina jin ƙarar injin sannan ya tattare rigarsa a hankali ya duba ko ya taka shi.