Lamba Sha Huɗu

Shekara shida Zaharaddini yana riƙe da ordinatocin ƙungiyar makiyaya ta Dakoro, wato kwamfutocinta, ba wanda ya taɓa ce masa gyara zama, sai da aka ɗauko wata sabuwar ma'aikaciya, Hamdiya, daga Maraɗi. Tun ranar da ta farfaɗo da injin da ya ce ya mutu, ko gaisuwarta ɗaci take yi masa. Hassada ce tsagwaronta, shi ma ya sani, amma sanin ciwo ba ya warkar da shi.

Bana aka sayo sabon sarba, injin da zai ajiye bayanan rigakafin dabbobi tun daga Birnin Lalle har Mai Yara. Kafin a gina manhajar ajiyar, sai an zaɓi kompilatar, wato abin da ke juya rubutun masu ƙira ya zama harshen inji. Hamdiya ta ce a ɗauki lamba sha biyu, da ita masu manhajar suka gwada aikinsu. Zaharaddini ya ce sha huɗu, don dai kada bakinsu ya zo ɗaya. Wanda aka bi shawararsa shi zai riƙe sarban, ɗayan kuwa ya zama ɗan kallo.

Aka kai maganar gaban shugaban ƙungiya, Ardo Samba, dattijon da ya fi sanin haƙoran shanu a kan madannin ordinata. Ya saurara yana shafa gemu.

"Sha huɗu ta girmi sha biyu," in ji shi. "Babba ya ga jiya ya ga yau. A bi ta Zaharaddini."

Ardo ya ɗauka lambar shekaru ce. Hamdiya ta buɗe baki, ta tuna ba a gyara wa dattijo magana cikin mutane, ta sunkuyar da kai tana ɗan murmushi.

Da Zaharaddini ya yi shiru, da shi ke nan, ya ci. Amma murmushin nan ya hana shi sakat. Wato tana nufin da kuskure ya yi nasara? Ita ce mai ilimi, shi mai sa'a? Ina, sai kowa ya ji wanda ya fi.

"Baba Ardo, ai ba tsuhwa ne ba," ya ce da ƙarfi. "Sha huɗu ita ce sabuwa hul, kwanan nan ta hito. Tata ta kwana biyu, zamani ya wuce ta."

Ardo ya sauke hannu daga gemu.

"Kana nuhin wanga naka ɗan maraƙi ne?"

"Ba haka..."

"Mu ba mu aza ma maraƙi kaya, yaro. Ɗiyata Hamdiya, yaushe za ki hwara?"

"Gobe in Allah ya kai mu, Baba."

Aka watse. Hamdiya ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Yaya Zaharaddini, gobe ka zo mu yi tare." Har zuciyarta take nufi, kuma wannan ne ya fi komai ƙona masa rai.