Damin Kajiji

Haliru bai taɓa damuwa da sanin asalinsa ba sai da Tasi'u ya kai ƙararsa gaban Maigari. Kafin nan abin da ya sani ya ishe shi. Shi ɗan Anas ne, Anas ɗan Siddiƙu, Siddiƙu ɗan Na'Allah, wanda ya sare kurmin da ya zama fadamarsu ta albasa a bayan garinsu, Mandera. Da wannan fadama shi da ƙanensa Bilyaminu suke riƙe da gidaje biyu. Geron damina ba ya kai su bazara, albasar rani ce ke rufa musu asiri.

Tasi'u daga zuriyar ƙanen Na'Allah ya fito. Ya daɗe a kudu yana dakon albasar wasu, ya dawo gida da ciwon baya da 'ya'ya da yawa, ba shi da ko fangalin albasa ɗaya na kansa. Abin da ya faɗa wa Maigari gajere ne: Na'Allah bai haihu ba, Siddiƙu ɗan riƙo ne, ɗan riƙo kuwa ba ya cin gado. A bakin kakarsa ya ji.

Duk wanda zai iya shaida ya riga ya kwanta dama. Don haka Maigari ya ce kafin a yi dashen albasa, Haliru ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa Siddiƙu ɗan cikin Na'Allah ne, magana ta mutu. Haliru ya ce ya yarda. Amma da suka fito sai ya tsaya a ƙofar zaure.

"Yaya, mi ad damuwa?" in ji Bilyaminu. "Ba haka munka taso munka ji ba? Ka rantse bisa abin da ka sani, ka wanke hannu."

"Ji munka yi, ba gani ba."

"To wa ya ga haihuwar kakansa? Shi Tasi'un gani ya yi?"

Washegari Haliru ya fara yawo. Ya je Dandin Mahe wurin wani tsoho da aka ce ya san kowa, ya tarar hankalinsa ya fara gushewa, sai labarin farin ɗango yake maimaitawa. Ya je Bodinga wurin wani malami da ubansa ya karantar da Anas. Malamin ya ce shi karatu ya gada, bai gaji labarin gidajen mutane ba. Ya nemi wanzamin gidansu don ya tambaye shi asalin tsagar da ke fuskarsu. Wanzamin ya yi dariya ya ce duk jaririn da aka miƙo musu a gidan Na'Allah tsagar gidan Na'Allah suke yi masa, babba ma in an biya. Kullum Haliru ya dawo da yamma a gajiye, babu abin da ya ƙaru da shi sai ciwon ƙugu.

Ana cikin haka aka yi girbi. Akwai wata al'ada a gidansu da ba wanda ya san mafarinta. Kowace kaka, kafin a zuba gero a rumbu, sai a zaɓi zangarniya mafi cika a ɗaure dami ɗaya, a aika da shi wani gida a Kajiji. Siddiƙu ne ya kafa ta, da sharuɗɗa biyu: ɗan gida ba ya kai damin da kansa, kuma ba a haɗa shi da saƙo, ko da gaisuwa ce. A da mai jaki ake ba wa, yanzu ɗan kabu-kabu. Daga Kajiji ma ba a taɓa aiko da godiya ba. In yara sun tambaya sai a ce zumunci ne.

Haliru yana ɗaure damin bana sai matarsa Zainabu, da ke sheƙar gero a gefe, ta ce, "Malam, ka gama gari kana tambaya. Wanga zumunci da ba gaisuwa, ba biki, ba ta'aziyya, ka taɓa tambayar shi?"

Ya daɗe riƙe da igiyar bai ƙulla ba. Da gari ya waye ya ɗora damin a bayan babur ɗinsa, ya karya sharaɗin kakansa.

Gidan na bakin gari ne, katangarsa ta zube ta gefe ɗaya. Mazan sun tafi gona. Aka kai shi wurin Shatu, tsohuwar gidan, wadda idonta ya kusa rufewa. Tana zaune a inuwar rumbu tana ɓare gyaɗa. Ta shafa damin da hannu, ta sansana.

"Na Mandera ya iso. Ɗan kabu-kabu, a ba ka ruwa?"

"Inna, ba ɗan kabu-kabu ba na. Haliru na, jikan Siddiƙu."

Hannunta ya tsaya a kan zangarniyar. "Kai, ɗan nan, ashe kuna da ƙafa? Mu mun ɗauka gero kawai ake haihuwa gidanku."

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi mutanen da ba ta taɓa gani ba ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya gaya mata abin da ya kawo shi, bai ɓoye batun fadama da rantsuwa ba.

"In na faɗa maka, ba ka iya mayar min da shi," in ji ta. "Ka tashi ka tafi, ka ce ka tarar da tsohuwa ta ruɗe. Ba wanda zai zarge ka."

Ya duba ƙofar gida inda babur ɗinsa yake jingine. Bai tashi ba.

Sai ta faɗa masa. Kakarta, Asabe, ita ta haifi Siddiƙu a wannan gida. Shekarar babbar yunwa mijinta ya tafi neman abinci bai dawo ba, ya bar ta da yara uku. Na'Allah ya biyo ta Kajiji da jakai, yana da gero, ba shi da ɗa. Ya ba ta dami ɗaya, ta ba shi babban yaron, wanda ya riga ya yi wayon sanin uwarsa. Da damin nan ta raya sauran biyun. Ɗaya daga cikinsu shi ne uban Shatu.

"Ba sayarwa ta yi ba," in ji Shatu. "Shi ma ba saye ya yi ba. Haka take cewa kullum, ko ba a tambaye ta ba."

Shekarar da Siddiƙu ya fara noma na kansa, dami ya iso Kajiji a kan jaki, babu saƙo. Haka kowace kaka har Asabe ta rasu, bai taɓa tako gidan ba.

Shatu ta ce, "Ina yarinya, ni ke ɗebe mata kewa. In damin ya zo sai ta zauna gabansa wuni guda. Wata shekara ta ce ɗana ya yafe min, yana ciyar da ni. Wata shekara ta ce a'a, kuɗinsa na yake maido min, don in tuna nawa na kai shi. Har ta mutu ba ta san wanne na ba."

"Ta ci?"

"Ko tsaba. Ta ce ba ta iya haɗiyar shi, ba ta iya zubar da shi. Sai ta mai da shi iri. Har yau shi muke shukawa. Duk tuwon da anka tuƙa gidan ga, geron Mandera na."

Da zai tafi ta sa aka ɗebo masa tsabar gero daga rumbu, aka ƙulle a tsumma. Ta ce, "Riƙe. Ban san mi za ka yi da shi ba. Amma ba a zuwa gidan uwa a koma hannu wofi."

A hanya Haliru ya tsaya ƙarƙashin wata tsamiya ya kashe babur. Lissafin da ke kansa bai da daɗi. Jiya da zai dafa Alƙur'ani da zuciya ɗaya, kuma Allah ba zai kama shi ba, domin bai sani ba. Maganar da zai rantse a kanta ƙarya ce jiya, ƙarya ce yau, abin da ya sauya shi kaɗai ne. Shatu ba za ta je Mandera ba, ba ta da ido ba ta da ƙafa. Yaran Bilyaminu ba su aike shi Kajiji ba, amma su za su ji a cikinsu. Kuma Siddiƙu fa? An raba shi da uwarsa, ya yi wa Na'Allah noma tun yana yaro har ya binne shi da hannunsa. In wannan bai zama ɗa ba, me ya zama? Ya juya maganar ta kowace fuska bai samu inda za ta kwanta ba.

Ranar zama aka shimfiɗa tabarmi a zauren Maigari, liman ya kawo Alƙur'ani a cikin gafaka. Haliru ya yi alwala kamar yadda aka umarce shi, ya zo ya durƙusa. Ya kalli gafakar, ya mayar da hannayensa kan gwiwa.

"Ranka shi daɗe, ba ni iya rantsuwa. Siddiƙu ɗan Asabe na, ta Kajiji. Na'Allah riƙon shi ya yi."

Bilyaminu ya miƙe tsaye, aka zaunar da shi. Tasi'u kansa bai yi murna ba, ya sunkuyar da kai yana tsintar zaren tabarma. Haliru ya ba da labarin damin kamar yadda ya ji shi, bai ƙara ba, bai rage ba.

Dattawa suka daɗe suna magana. Wani ya ce gado na jini ne. Liman ya ce mutanen da suka noma wuri tun kakanni ba wanda ya ce musu kanzil, ba za a tashe su rana ɗaya ba, kuma wa ya san ko Na'Allah kyauta ya ba yaron? Ba wanda ya sani. A ƙarshe Maigari ya yi sulhu, ya raba fadamar. Tasi'u ya samu gefen kwari inda ruwa ke kusa. Haliru da ƙanensa suka tsira da gefen tudu, inda sai an tona da nisa.

Da yamma suka je aka kafa iyaka. Haliru da kansa ya riƙe wa Tasi'u igiya. Bilyaminu yana tsaye nesa har aka gama, sannan ya matso.

"Yaya, wa ya aike ka? Da ka zauna gida, rantsuwarka halal ta. Kai ka tafi ka nemo haram ɗin da babur ɗinka, da man da munka saya tare."

"Haka na."

"Haka na kawai za ka ce? Mi zan gaya ma yara?"

"Ka gaya musu suna da dangi Kajiji."

Bilyaminu ya yi wata dariya marar daɗi. "Baɗi kada a taɓa gerona don damin nan."

"Zan ɗaure daga nawa."

Ya koma gida ana kiran magariba. Zainabu ta ajiye masa ruwa ba ta tambaye shi komai ba, labari ya riga shi isowa. Ƙullin geron Shatu yana nan rataye a jikin azara inda ya sa shi. Ta bi idonsa da kallo.

"In daka shi, ko iri za a yi?"

Haliru ya cire takalmansa, ya jawo buta.

"Bar shi nan tukuna," in ji shi.